Na Biyar a Takardar Lodi

Ranar da na fara sauka Inugu da takardar kama aiki a aljihu, wanda aka ce zai tarbe ni bai zo tasha ba. Sai da na yi ta tambaya har na gano ofishin da kaina, ɗaki ɗaya a saman wani shagon buhunan wake, bayan kasuwar Ogbete. Na tarar da shi zaune a kan tabarma, tebur da kujera suna gefe an jibga musu tsofaffin jaridu, ya ɗora tafireta a kan akwatin katako yana ƙwanƙwasa ta da yatsu biyu. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ce ni ne sabon wakilin da aka turo daga hedikwata. Ya ce in zauna, in kuma bar surutu har ya kai ƙarshen shafi. Na duba inda zan zauna na rasa, na tsaya riƙe da jakata kusan rabin awa.

Malam kowa ke ce masa, har Ibo masu shagunan layin. Jaridarmu ta Hausa ce, sau ɗaya take fitowa a mako, a can Arewa ake buga ta, kuma shi ne idonta a Inugu da Anacha da Fatakwal tun ina firamare. Dogo ne siriri, kullum da baƙar kwat a kan kaftani komai zafin rana, ga takalmin roba, ga tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba ya hawa okada, wato acaɓa, wai wanda ke bayan okada ba abin da yake gani sai ƙeyar mai tuƙi. Ba ya shan ko ruwa a inda ya je ɗauko labari. In an matsa masa sai ya ce azumi yake, alhali ga goro nan a kumatunsa. Tafiretarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa, don haka in ya gama bugawa sai ya bi layi-layi da biro yana yi wa kowane harafi ƙugiyarsa, ya kashe awa guda a kan shafi biyu. Iboncinsa kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Shekara talatin yana fama, amma in ya buɗe baki sai matan kasuwa sun riƙe ciki, shi ko a jikinsa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana mu shan inuwa ɗaya shi ne dokarsa: ba ya rubuta abin da bai gani ba, in kuwa ya zama dole, to sai ya zauna ido da ido da wanda ya gani. Labarin waya a wurinsa jita-jita ne. Wata rana gobara ta ci rumfunan masu hatsi, kowa na cewa layi uku ne suka ƙone ƙurmus. Malam ya tattare kaftani ya shiga cikin toka yana taku yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai awon gona, mutane na kuka shi yana ashirin da ɗaya, ashirin da biyu. Kunya ta kama ni har na koma bayan wata mota na laɓe. Ya fito da ƙafafu baƙi ƙirin ya ce layi biyu ne da rabi. Kafin ya buga, ya yi wa haruffa ƙugiya, ya kai ambulan tasha ya danƙa wa direban da ya yarda da shi, labarin ya isa Arewa an riga an fara kafa sababbin rumfuna.

Dalilin turo ni ke nan. Edita ya faɗa mini baki da baki kafin in taho, ya ce dattijon mutumin kirki ne amma tuwonsa sai ya kwana yake iso su, in je in riƙa aiko musu da zafinsa. Shekarata ashirin da bakwai, ina da takardar jami'a, ina kuma da baki. Na riƙa kwaikwayon tafiyarsa a teburin mai shayi ana sheƙa dariya. Ya sani sarai, bai taɓa tanka mini ba. Sai dai in na shigo da labari ina rawar ƙafa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya gani?" Na tsani tambayar nan. Na ɗauke ta raini, na kuma ƙudurta a raina wata rana sai na nuna masa cewa zamani ya wuce shi.

A damina ta biyu da zuwana abin ya faru. Talata ce da hantsi, ranar da ake rufe shafukan jarida da la'asar. Wani direba ya hawo ofis ya ce wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal da lodin manja da busasshen kifi ta kife a gangaren shiga Anacha, mutanenmu ne a ciki, ba wanda ya fita. Muka kama hanya nan take.

Ko da muka isa, hukuma ta gama nata, jama'ar unguwar Hausawa sun karɓo gawarwakin an shimfiɗa su a rumfar bayan masallaci. Direba ne da mutum biyar. Malam ya cire kwat, karo na farko da na gan shi babu ita, ya naɗe hannun riga ya shiga cikin masu wanka. Haka yake yi duk inda aka yi rashi. Ni ba zan iya ba, kuma hankalina na kan agogo. Na tsallaka Upper Iweka, inda manyan motoci ke tsayawa, na kutsa tsakanin tireloli da caɓi har na samu shugaban direbobinmu, don an ce takardar lodin motar tana hannunsa, a gaban mota aka tsinto ta.

Takardar lodi ita ce wadda ake cikawa a tashar da mota ta taso. Ana rubuta sunan mai kaya da garinsu da abin da ya loda, in kuma akwai wanda zai hau tare da kayan sai a ja ɗan layi a gaban sunan. Suna biyar ne masu layi. Na kwafe su tsaf na koma masallaci da sassarfa. Direban sananne ne. Mutum huɗu kuma 'yan kasuwar Anacha sun shaida su, sunayensu sun dace da na takarda. Saura gawa ɗaya da ba wanda ya sani, hatsarin ya lalata ɓarin fuskarta, saura kuma suna ɗaya a hannuna, na wani Alhaji mai sayen kifi a kasuwar Creek Road ta Fatakwal. A cire huɗu daga biyar, ai ko ɗan aji ɗaya ya san amsa.

Malam ya fito hannuwansa na ɗigar ruwa. Na nuna masa, ya karanta, ya miƙo mini.

"Huɗu ka samu, da direba. Na biyar ba ka same shi ba."

"Ga shi nan a rubuce, Malam."

"Wannan sunan mai kaya ne. Ɗana, ƙaramin ɗan kasuwa shi ke bin kayansa. Babba ba ya kwana biyu a kan jarkar manja, mutum yake ɗorawa, kuma sunan mai kaya ake bari a takarda. Wanda na wanke yanzu tafin hannunsa kamar ƙirgi, duga-dugansa duk faso, wandonsa da igiyar buhu ya ɗaure shi. Wannan ba jikin Alhajin kifi ba ne."

"Alhazai nawa ne masu faso? Ai kowa da faso ya fara."

"Gaskiyarka. Shi ya sa gobe za mu tafi Fatakwal mu tambaya."

"Gobe an rufe shafi. Sai wani makon ke nan, bayan rediyo ta gama tauna shi ta zubar."

"To sai wani makon."

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa a dunƙule ya yi maganar, ban fahimta ba. Ƙarya nake. Dalla-dalla ya faɗa mini, na kuma ji. Na dai ga dama ce ta zo, na ce taurin kan tsufa ba zai sa ta wuce ni ba. Ana jera sahun sallar gawa na zame, na sami shagon buga waya, na karanta wa hedikwata labarin da sunaye shida. Edita ya ce yauwa, haka ake aiki. Na fito ina jin kaina a sama. Ban yi wa mutanen salla ba, ban raka su maƙabarta ba.

A motar komawa na gaya masa abin da na yi, na gyara zama ina jiran faɗa. Ya juya ga taga. Can ya ce, "Allah ya sa ni ne na yi kuskure."

Bayan kamar mako uku wani ƙaton mutum da jar hula ya hawo benenmu yana haki, jaridarmu a naɗe a hannunsa. Ko sallama bai gama ba ya maka ta a kan akwatin tafireta.

"Wane ne ya kashe ni a cikinku?"

Alhajin kifi ne. Ashe ranar da motar ta tashi, shi kwalekwale ya shiga zuwa ƙauyukan masunta sayen wani kifin, can kuwa ba jarida ba waya. A garinsu wani maƙwabci ya sayi jaridar ranar Juma'a, ya karanta wa mutane a ƙofar gida bayan an sauko daga masallaci. Aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa, matarsa ta shiga takaba. Bayan sadakar bakwai ƙannensa biyu suka taho Fatakwal tattara kayansa, suka iske shi a Creek Road tsaye a kan kwandon kifi yana ciniki. Ɗaya ya yar da jaka ya arce yana salati.

Da a nan abin ya tsaya, da yau labarin ban dariya nake ba ku. Muryar Alhajin ta sauka, ya ce, "Tsohuwata tana tsakar gida aka faɗa mata. Ta yanke jiki ta faɗi. Yanzu ɓarin jikinta ba ya motsi, bakinta ya karkace. Na je na durƙusa a gabanta, tana kallona tana hawaye, ta kasa kiran sunana. Oga, abeg, ku gaya mini, gyaran da za ku buga a jarida zai tashe ta?"

A saman labarin ba suna, daga wakilanmu kawai aka rubuta. Ya sake tambaya wanda ya yi. Na ƙura wa ƙasa ido. Malam ya ce, "Mu ne, Alhaji. Daga ɗakin nan ya fita." Alhajin ya juya kansa, tunda shi ne babba, ya zazzage masa da Hausa ya ƙara da Turancin kasuwa, har ya ce masa tsohon banza mai furfurar ƙarya. Ina tsaye ina ji. Kalma uku ta ishe ni, in ce ni ne nan, amma na bar dattijo ya shanye zagin da yake nawa. Cikin duk abin da na yi a rayuwata wannan tsayuwar ta fi ba ni kunya.

Sai da ya gaji ya yi shiru, sannan Malam ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ya ba Hajiya lafiya. Alhaji, wa ka ɗora a kan kayan?"

Alhajin ya ce, "Wani bawan Allah ne. Da safen na gan shi a tasha da ƙullin kayansa, ya ce gida yake son zuwa ba shi da na mota. Ka san yadda ake yi. Na ce hau ka kula mini da kaya, kai ka huta ni na huta."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Garinsu?"

"Wallahi ban tambaya ba. Malam na ce masa, ya ce na'am."

Ya nemi wuri a kan tarin jaridu ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Da alama sai a lokacin ya tuna cewa akwai wanda aka binne da sunansa.

Mako mai zuwa aka buga gyara, layi uku a shafin ciki, muna ba Alhaji da iyalinsa haƙuri. Ni a ganina magana ta ƙare, ina ma son ta ƙare. Malam ya ce, "Ka fito da mai rai daga kabari. Wanda ke ciki fa? Akwai gidan da har yau ake sauraren sallamarsa." Ya buɗe littafinsa ya nuna mini wani zane. Ashe tun ranar wanka ya zana tsagen da ke kuncin da ya tsira, irin na Gobirawa, layuka daga gefen baki suna bazuwa zuwa kunne. A ƙasa ya rubuta cewa mutumin dogo ne, gemunsa ya fara furfura, zai yi arba'in da 'yan kai.

Ya tafi Fatakwal da littafin, na bi shi don kunya, ba don na yarda za a samu komai ba. Muka yi ta zagaya Creek Road cikin ruwan sama da ƙarnin kifi, muna tambayar 'yan dako da masu gadi da masu gyaran takalmi. Wanda bai zauna Kudu ba ba zai gane wahalar ba. A can da sunan ƙasarsa ake kiran mutum, Bagobiri, Bazamfare, Bakatsine, kuma in ka ƙwala kiran ɗaya mutum goma za su waiwayo. Yau mutum na nan, gobe ya koma wani gari, ba mai cigiya domin kowa ya ɗauka gida ya tafi. A rana ta uku wani mai shayi ya tuna da wani Bagobiri mai gadin shagon katako, wanda ya ce masa shekara biyu rabonsa da 'ya'yansa, bana sai ya je. Muka sami mai shagon katakon. Ya yaba mutumin ƙwarai, ya ce bai taɓa ɗaukar ko ƙusa ba. Malam ya tambaye shi sunansa da gurgun Iboncinsa. Mutumin ya sosa kai ya ce da Turancin kasuwa, "Na Aboki we dey call am," wato Aboki kawai suke ce masa. Wata goma sha takwas yana kwana a ƙofar shagonsa.

Nan na sare na koma Inugu. Malam ya ƙara mako biyu, ya dawo, ya sake komawa. Labarai suka daina fita daga hannunsa. A hedikwata kuma manya na neman wanda za a ɗora wa laifin sunan Alhaji, aka ce wanda yake babba a ofis shi ke da alhakin duk abin da ya fita daga ofis. Edita ya san muryar wa ya ji a waya ranar nan, amma shi ma yana da wuyan da yake karewa. Ya ce mini in kama bakina, ina da sauran tafiya a gaba. Na kama. Aka yi wa Malam ritaya. Ya naɗe tabarmarsa, ya sa tafireta a akwati, ya yi mini nasiha in riƙa rufe taga saboda feshin ruwa. Da ya sauka na kwashe jaridun da ke kan kujera na zauna, kuma ba zan ɓoye ba, har da ɗan daɗi na ji.

Kusan shekara ashirin suka wuce. Jaridar ta mutu, kamar yadda 'yan'uwanta da yawa suka mutu. Na koma rubutu a intanet, inda in ka tsaya tambayar wa ya gani sai ka tarar an riga ka sau hamsin. Malam ya koma Anacha da zama, ɗaki ɗaya kusa da masallacin nan. Labarinsa na iso ni ko ban nema ba. An ce duk farkon damina yana tsaye a Upper Iweka yana raba kwafin zanen ga masu komawa gida noma. An ce ya je ƙasar Gobir da kansa ba sau ɗaya ba, yana bin kasuwannin ƙauye yana cigiyar gidan da mutuminsu ya tafi Fatakwal gadi bai dawo ba. Wasu na cewa ya taɓu. In an faɗa a gabana sai in yi murmushi in sauya zance. In aiki ya kai ni Anacha kuwa, ta wani layin nake bi, sallata ma a wani masallacin nake yi.

Bara waccan aka kira ni aka ce ba shi da lafiya, kuma ni yake nema. Na je da azahar. Na same shi kwance, ya rame ya zama kamar sanda, idanun sun tafi. Na gaishe shi na tambayi jiki, ya gane muryata tun kafin in faɗi ko ni wane ne. Na zo da dogon jawabin neman gafara da na tsara a mota, bai ba ni fili ba.

"Zauna, ɗana, numfashina kaɗan ne. Gida uku na samu da suka yi kama. Ɗaya mutuminsu ya dawo da ƙafarsa. Ɗaya an tabbatar a Ikko ya rasu. Saura ɗaya."

Ya faɗa mini sunan ƙauyen da yadda ake zuwa. Ya ce akwai wata mata a can, mijinta ya tafi Fatakwal gadi, ya aiko cewa yana tafe a daminar da aka yi hatsarin, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bai taɓa ɗaukar hoto ba. Shekaru sun dace, tsayi ya dace, tsage ya dace.

"Sau biyu na zauna da ita. Tun tuni alƙali ya ba ta dama ta yi idda ta yi aure, ta ƙi, ta ce ba wanda ya ga gawarsa. Yanzu ta tsufa, ba aure ne a gabanta ba. Abu ɗaya ta roƙe ni. In ta idar da salla, Allah ya dawo da shi za ta ce, ko Allah ya jiƙansa."

"Me ka ce mata, Malam?"

"Na ce ban sani ba. Rabin fuska na gani. Masu irin tsagen nan sun fi a ƙirga. In na ce shi ne, wata rana kuma ya yi sallama fa? Ai mun taɓa yi."

Har a lokacin "mun" yake cewa, ba "ka" ba. Ya huta, na ɗauka ya gama, sai ya laluba ya kama hannuna.

"Zuciyata ta ba ni shi ne. Sau biyu ina buɗe baki in faɗa mata, harshen ya ƙi. Kai ka iya. Wallahi ba gori nake maka ba. Allah ya ba ka abin da bai ba ni ba, kana iya cike gurbi. Je ka ce mata shi ne, baiwar Allah ta huta."

An zage ni a aikin nan iri-iri, an taɓa ma marina, amma ba abin da ya taɓa sukata kamar wannan. Abin da ya ƙara masa zafi shi ne da gaske yake, roƙona yake yi. Na ce masa to. Jawabin neman gafarar ban yi shi ba, bayan mako uku kuma aka kira ni aka ce ya cika.

Sai da na ja ƙafa wata biyar kafin na tafi. Kwana biyu a hanya, daga babbar mota zuwa ƙarama, daga ƙarama zuwa babur. Duk tsawon tafiyar jumla ɗaya nake maimaitawa, na gyara ta na sake gyarawa har ta yi santsi: Inna, na zo in tabbatar miki, mijinki ya rasu a hatsarin mota a Anacha, an yi masa wanka da salla, Musulmi suka binne shi. Na ce wa kaina wannan ba ƙarya ba ce, taimako ne, kuma wasiyya ce.

Babban ɗanta ne ya tarbe ni, magidanci da 'ya'yansa, da tsagen a kumatunsa. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya kawo ruwa, ya shiga ya fito da ita. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta zauna daga bakin ƙofa ta ja mayafi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta tambayi mutanen Kudu.

"Tsohon ga mai baƙar riga, shi ya aiko ka?"

"Shi ne, Inna. Allah ya yi masa rasuwa."

Ta yi salati, ta yi masa addu'a sosai, ta ce mutum ne da ba ya shan ruwan gidan mutane amma yana da kirki. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Kai ma kana wurin, ranar da abin ga ya auku?"

"Ina garin."

"Ka ga huskatai?"

E kawai zan ce. Ga jumlar nan a bakina, na sha faɗin abin da ya fi wannan nauyi ban ko ƙifta ido ba. Ɗanta ya daina motsi, yana kallon bakina. Na buɗe baki, abin da ya fito daban.

"Ban ga fuskarsa ba, Inna. Lokacin da ake masa wanka ina tasha ina kwafar takarda."

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta gyara mayafinta ta ce mun yi ƙoƙari, mun sha nisa, Allah ya ba da lada. Sannan ta ɗaga tafukanta biyu.

"Allah shi maido muna shi lahiya."

Ɗan bai ce amin ba, ni yake kallo. Na ɗaga hannuwana na ce amin.